Na Goma Sha Huɗu

Auta ta zazzage jakar aikinsa a kan kujerar falo tun bai gama saka maɓallin rigarsa ba. Guntayen wayoyi suka zubo, da tabarau na ajiya, da tsohuwar sukudirebarsa mai ƙotar katako, sai ga kwalbar da take nema ta gangaro a ƙarshe.

"Mama, zo ki ga ɓarawon jan farcena! Wata guda ina zargin ƙawayena, ashe a gidan nan yake kwana."

"Aro na yi," in ji shi. "Kuma aikin jami'a na yi da shi."

"Baba, rabin kwalba fa?"

"Noti goma sha biyu ne, kowanne da ɗigonsa. In ba a ɗiga ba, girgiza kaɗan sai su motsa."

Auta ta cusa kwalbar a aljihunta tana ƙunƙuni. Matarsa ta fito daga kicin, ta goge hannu a zaninta, ta gyara masa wuyan farar rigar da ta yi kwana uku a rataye don wannan rana.

"Malam, in an ba ka katin nan na wuya, kar ka tura shi a jaka yadda kake yi da komai. A rataye za ka shigo da shi layin nan, masu ido su gani."

Ya ce to, yana dariya, ya kwashe kayansa ya fita neman bas.

Shekara ashirin da shida ke nan yana ɗakin gwaji na sashen lantarki. Ɗalibai Baba Noti suke ce masa, har malamai sun ɗauka, har wasu sun manta yana da wani suna. Takardun bincike sun fi arba'in da suka fito daga kan teburinsa. Shi ya yanka, shi ya liƙa, shi ya auna, amma ko a ɗaya sunansa bai taɓa fitowa ba. Sau ɗaya aka rubuta godiya ga "ma'aikatan sashe" a ƙasan shafi, shi da masinja da mai shara suka raba godiyar a tsakaninsu. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma abu ɗaya ya rage masa a rai: ya ga sunansa a rubuce a jikin aikin hannunsa, ko sau ɗaya ne.

Sai ga wannan shiri. Wani kamfani da ke ƙera kayan da ake ɗaurawa a ƙarfen sabis na waya ya ce zai haɗa kai da jami'a ɗaya, a yi shekara uku ana bincike tare a kan zangon rediyo, a ɗakin gwajin masana'antarsu. Duk wanda aka rubuta cikin masu binciken, sunansa zai hau kan duk abin da aka ƙirƙiro. Sharaɗin shi ne jami'a ta nuna na'urar da ta ƙera da kanta. Na'urar da sashensu ya zaɓa filta ce, akwatin alminiyam da bai fi burodi girma ba. Iska cike take da hayaniyar wayoyi da gidajen rediyo, aikin filta shi ne ta tace kamar rariya, ta bar zangon da ake so ya wuce, ta tare sauran. Wani matashin malami da ake ce wa Ƙaramin Dakta ne ya zana ta a kwamfuta. Baba Noti ne ya ƙera ta, sannan ya yi sati uku a duƙe yana saita notuna goma sha biyun da ke kan murfinta. Ka juya ɗaya, biyu na kusa da shi su yi fushi. Sai layin da ke kan allon na'urar awo ya tsaya kamar tebur, samansa a shimfiɗe, gefensa a tsaye, sannan a ce ta saitu.

Ranar da ta saitu, Farfesa, shugaban sashe, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kana cikin takardar. Da hannuna na saka ka." A kan wannan maganar aka sayi farar riga.

Da ya buɗe ɗakin gwaji, teburinsa fayau. Babu filta, babu na'urar awo. Mai shara ta ce jiya bayan tashinsa Farfesa da Ƙaramin Dakta suka sa aka kwashe su zuwa babban zaure. Gabansa ya ɗan faɗi, amma ya ce wa kansa ai notunan a liƙe suke, ɗauka kaɗai ba za ta yi musu komai ba.

A ƙofar zaure sakatariyar sashe ta baza katunan wuya a kan tebur, masu igiya shuɗiya. Ta bi su da yatsa sau biyu, ta ɗaga kai tana jin nauyinsa.

"Baba, ban ga naka ba. Ƙila yana wajen Farfesa."

Farfesa kuwa ga shi nan tafe, ƙamshin turarensa na gaba yana biye, waya a kunne. Da ya hango shi ya washe baki.

"Yauwa, kai nake nema! Ka san halin wutar nan tamu. In ta ɗauke a gaban baƙi, mun gama yawo. Je ka tsaya kusa da janareta, babu wanda na yarda da shi kamar kai."

"Ranka ya daɗe, katina fa?"

"Kati kuma? Kai da kowa ya sani? Za mu yi maganar daga baya."

Haka aka yi mutumin da ya ƙera abin da baƙi suka zo gani ya zauna a kan bulo a bayan zaure, yana gadin janaretan da ke da mai gadinsa. Ya shimfiɗa hankici kafin ya zauna, don kar wandon ya ɓaci. Ta taga yana jin jawabai suna bin juna, kowane mai jawabi yana gode wa wanda ya riga shi, ana tafi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ya saba haɗiye irin wannan, maƙogwaronsa ya daɗe da yin faɗi. Ya ce bari dai a zo wajen karanta sunaye.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya tafin ya ɗauke. Shirun ya yi tsawo, irin wanda ba a shirya shi a cikin jadawali ba. Sai ga Ƙaramin Dakta ya zagayo da gudu, katinsa na lilo a ƙirji, gumi ya jiƙa masa kwala. Wannan Daktan, shekara goma da suka wuce, Baba Noti ne ya tsoma masa babban yatsa a ruwan sanyi ranar da ya kama ƙarfen liƙi ta wajen zafin.

"Baba, ka rufa mini asiri. Ta ƙi."

Da ya shiga, ido ya fi ɗari a kansa, amma shi filtarsa kawai yake gani. An ɗora ta a kan shuɗin ƙyalle, an goge ta tana ƙyalli. Jan farcen nan duk an kankare shi. Notuna goma sha biyun kuwa, da ya bari wani ya yi sama wani ya nutse, ga su nan kai ɗaya, a jere reras. A kan allo babu tebur, sai wani layi da ya karkace yana hawa yana sauka yadda ya ga dama.

"Duba mana waya, ina jin wayar ce ta saki," in ji Farfesa da ƙarfi, don baƙi su ji.

Baba Noti bai ko kalli wayar ba. Ya juya ga Dakta, murya ƙasa-ƙasa. "Wa ya taɓa?"

"Farfesa ne ya ce ba za a nuna wa baƙi abu kamar haƙoran tsohon jaki ba, ga jan abu ɗige-ɗige. Ni kuma na duba zanena, a zane duk milimita takwas ne. Na ɗauka kuskuren awo ne aka yi, sai na mayar da su yadda lissafi ya ce."

"Ka auna bayan ka mayar?"

Dakta ya sunkuyar da kai. "Lissafin daidai ne, Baba."

"Lissafinka daidai ne. Ƙarfen ne bai je makaranta ba."

Ya ji kamar ya juya ya fita, ya bar su da lissafinsu. Amma sunansa na cikin takardar, in filta ta faɗi da shi ta faɗi. Ya naɗe hannun farar rigar, ya ciro sukudirebarsa. Tun yana yaron shagon gyaran rediyo yake da ita, ya yi mata tsaga a ƙota don ya riƙa ƙirga rubu'in juyi. Bai taɓa rubuta saitin a takarda ba. Sati ukun nan ba lambobi ya haddace ba, halin akwatin ya koya, kuma yatsunsa ba su manta ba.

Farfesa ya sanar da cewa za a ɗan sha shayi. Mutane suka tashi suka yi wajen kofuna, ban da mace ɗaya daga cikin baƙin, wadda furfura ta fara fito mata a gefen kai. Ita ce babbar injiniyar kamfanin. Ta jawo kujera ta zauna dab da shi, ta zuba wa hannunsa ido.

"Me ya sa ka fara da na huɗu?"

"Shi ne mai taurin kai. Murfin ya ɗan lotsa ta wajen tun a injin yanka. In shi ya yarda, sauran za su bi."

"Na bakwai fa? Na ga ka wuce shi."

"Wannan munafuki ne. In ka taɓa shi da wuri sai ya nuna maka ya gyaru, kana kaiwa na tara ya tona maka asiri."

Ta yi dariya har da buga gwiwa. Ta ce a masana'antarsu mutum shida ne kawai ke iya wannan aikin, kuma huɗu sun kusa tafiya gida. Ta ce gaskiyar magana, rabin dalilin shirin ke nan, a zauna da masu irin wannan hannun a gane abin da suka sani kafin ya bi su. Wani daɗi ya ratsa Baba Noti, irin wanda ya manta ɗanɗanonsa. Shekara ashirin da shida, yau ne wani ya tambaye shi me ya sa.

Minti hamsin ya yi. Layin ya miƙe a hankali, gefe ɗaya ya tsaya, ɗayan ya biyo, saman ya kwanta. Tebur ya fito a kan allo, har ya ɗan fi na jiya kyau. Zaure ya ɗauki tafi. Farfesa ya matso gaban allon ya ɗan rusuna, ya ce baƙi sun ga irin horon da sashen ke ba ƙananan ma'aikatansa.

Injiniyar ba ta yi tafi ba, takardar yarjejeniya take buɗawa. Ta tambaye shi sunansa, ya faɗa mata cikakke, har da na kakansa. Ta bi shafin masu bincike da biro. Mutum tara ne. Akwai Farfesa, akwai Ƙaramin Dakta, akwai shugaban tsangaya wanda rabonsa da ɗakin gwaji tun ranar da aka yanke ƙyallen buɗe shi. Ta kai ƙasa, ta sake komawa sama.

"Farfesa, ban gan shi ba."

"Yana ciki, yana ciki. Duba shafin ƙarshe."

Ta juya. Baba Noti ya saka tabarau ya leƙa ta gefen kafaɗarta. Kan shafin ya ce: Kayan aikin da jami'a za ta bayar. Na ɗaya na'urar awo. Na biyu filta. Aka yi ta jerowa, injin yanka, ƙarfen liƙi, teburin aiki, har na goma sha uku, na'urar sanyaya ɗaki. Na goma sha huɗu aka rubuta: ƙwararren ma'aikacin gwaji. A gurbin adadi, guda ɗaya. A gurbin da ake faɗin lafiyar kaya, irin abin da aka rubuta wa na'urar sanyaya ɗaki aka rubuta masa: yana aiki. Babu suna, don shafin ba shi da gurbin suna.

Farfesa bai yi ƙarya ba. Da hannunsa ya saka shi.

"A mayar da shi shafin farko," in ji injiniyar.

"Da na so, Injiniya. Amma ƙa'idarku ce, ba tamu ba. Ku kuka rubuta cewa mai bincike sai yana da digiri na biyu. Shi kuma difiloma gare shi."

Injiniyar ta sake duba takardar. Gaskiya ne, a kamfaninsu aka rubuta, ƙila ma ta taɓa sa hannu a kai ba ta karanta ba. Ta kalli shugabanta, shi kuwa agogo yake kallo, masu hoto sun riga sun jera kansu. Aka kawo biro mai ruwan zinariya, aka sa hannu, aka yi musabaha ana kallon kyamara. Aka kira mutum tara ɗaya bayan ɗaya. Baba Noti yana tsaye a gefe da sukudireba a hannu, wani mai hoto ya roƙe shi ya ɗan matsa, yana shiga hoton.

Kafin baƙi su shiga mota injiniyar ta same shi a baranda. Kunya ta hana ta haɗa ido da shi.

"Malam, duk abin da ke shafin nan, ranar Litinin motarmu za ta zo ta kwashe shi zuwa masana'anta. Ta wannan hanyar kai ma kana iya zuwa, babu mai hana ka. Don Allah ka zo, ina bukatar hannunka. Maganar suna za mu gyara ta daga baya."

Ya san da zuciya ɗaya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya yi mata godiya. Bai gaya mata cewa shekara ashirin da shida yana zaune a cikin wannan daga bayan ba, kuma har yau bai ga ƙarshensa ba.

Da la'asar aka dawo da kaya ɗakin gwaji. Mai sito, abokinsa ne tun suna samari a wurin, ya shigo da takarda da 'yan lambobi masu gam a baya, waɗanda ake manna wa kayan jami'a kafin su fita ƙofa.

"Ango na masana'anta! An ce yau ka fitar da mu kunya. To tashi ka nuna mini kayan, in manna in tafi, ƙafata ciwo take."

Suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai sito na karantawa, Baba Noti na nunawa, ana mannawa. Da aka manna wa na'urar sanyaya ɗaki tata, lamba ɗaya ta rage a yatsan mai sito.

"Takarda ta ce sha huɗu, ni sha uku nake gani. Ko ka sayar da ɗaya ne, tsoho?" Ya ɗaga takardar kusa da hanci ya karanta layin ƙarshe. Ya fashe da dariya, ya ɗago don su yi tare, sai ya ga fuskar abokinsa. Dariyar ta maƙale masa. "Kai. Wallahi ban sani ba."

"Kawo nan," in ji Baba Noti.

Wayarsa ta yi ƙara. Auta ce.

"Baba, an ba ka? Mama ta ce in tambaya wane launi ne igiyar, wai za ta ga ko ya dace da rigar."

"Shuɗiya ce."

"Ka ɗauki hoto ka turo mana!"

"Sai na zo, Auta."

Yana kashewa Ƙaramin Dakta ya leƙo, jiki a sanyaye, littafi da biro a hannu. Ya ji ƙarshen wayar. Ya cire katin wuyansa ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, karɓi nawa ka yi hoton da shi. In ka juya bayan, ba za a ga sunan ba."

Yaron kirki ne, da nufin alheri ya yi. Baba Noti ya dubi katin na ɗan lokaci, ya ce masa ya mayar wuyansa kar ya ɓata.

"To Baba, dama wata alfarma ce. Hanyar masana'anta duk ramuka ce, notunan kuma yanzu babu abin da ya riƙe su. Ko za ka ɗiga musu jan abun nan?"

"Mai shi ta karɓe abinta da safe."

"To ko za ka faɗa mini juyin kowanne in rubuta, ko da za su motsa a hanya?"

"Ai a rubuce yake, Dakta. Yana cikin zanenka. Milimita takwas."

Dakta ya tsaya tsuru-tsuru, ya ga babu ƙari, ya ja ƙafa ya fita.

Baba Noti ya dubi ɗakin. A gaban teburin akwai kujerarsa ta katako marar jingina, mai ƙafa uku, ɗayar ya ɗaure ta da waya tun shekarar da aka haifi Auta. Samanta ya yi santsi, ya lotsa daidai zamansa. Tare suka fara aiki a ɗakin nan, ita ma ba a taɓa rubuta sunanta a ko'ina ba. Ya ɓare bayan lambar, ya manna ta a tsakiyar kujerar, ya danne da babban yatsa har gefunan suka kwanta.

"Me kake yi haka?" in ji mai sito.

"Cika maka takarda nake. Ranar Litinin su ɗauke ta da sauran." Ya ciro makullin ɗakin daga zoben makullansa ya ajiye a kan teburin. "Ka rubuta, guda ɗaya, tana aiki."

"Kai fa?"

"Ina da hutun shekara-shekara har uku da ban ci ba. Sakatariya ta sani."

Ya warware hannun rigarsa ya saka maɓallan. Mai sito ya bi sukudirebar da ido, don aikinsa ke nan, duk abin da zai fita ɗakin sai ya duba shi. Ya juya ta gaba da baya, babu lambar jami'a a jikinta. Ya miƙa masa abarsa.

Baba Noti ya soke ta a aljihun gaban farar rigar, ƙotar ta leƙo a ƙirjinsa, daidai inda katin zai kwanta. Da ita a nan ya fita neman bas.